Faifan da ya maƙale a motata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina kai-kawo da zuciyata kan in rubuta wannan labarin ko in bar shi a cikina, domin ba ni ne mai gaskiya a cikinsa ba, kuma ba kowa ke son ba da labarin da shi ne mai laifi ba. Shekara goma ke nan da faruwar abin, yanzu ina iya faɗarsa ba tare da na ƙawata kaina ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In ransa ya ɓaci sai ya yi shiru, gidan gaba ɗaya ya yi tsit tare da shi, mu yara har tafiya muke yi da sanɗa. Wani lokaci kwana uku, wani lokaci mako. Ranar da ya huce sai ya kira sunan ɗayanmu ya aike shi, shi ke nan an wuce wurin, ba wanda zai tambayi me ya faru. Na tashi ina ganin wannan shi ne haƙuri, shi ne cikar namiji. Mutane suna yabonsa, ni ma da na girma suka riƙa yabona da irin kalmomin da suke yabonsa da su: ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ruwansa.

Na yi aure a 2009, aka haifa mana 'ya mace a 2011. Matata mai magana ce. In abu ya dame ta sai ta zauna ta faɗa, tana so a tattauna har a ga ƙarshensa. Ni kuwa da ta fara sai in ji kamar ana tuhumata a gaban alƙali, in rufe bakina. Ta ce, "Me na yi maka?" in ce, "Ba komai." Ba komai ɗin nan ya taɓa kai mu kwana ashirin da ɗaya muna kwana ɗaki ɗaya ban ce mata uffan ba ban da amsa gaisuwa. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, ban rage ta da komai na buƙatar gida ba, kuma da wannan nake kare kaina a duk inda aka zauna. Ta nemi komawa karatu. Ban ce a'a ba, ban ce to ba. Shekara uku tana tambaya ina cewa za mu duba.

A watan Fabrairun 2015 ta ce ta gaji. Ba kuka, ba hayaniya, ta miƙo mini wasiƙa mai shafi huɗu ta ce in karanta in na samu lokaci, amma ita dai tana so in sauwaƙe mata. Na karanta shafin farko a tsaye, na ga an fara lissafo laifuffukana, na ninke na jefa cikin akwatin takardu. Sannan na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ɗacinta a bakina ba. Na ce, "In kin fita, ke kaɗai za ki fita." Wallahi ban faɗa don ina son riƙe yarinyar ba. Na faɗa ne don na tabbata ba uwar da za ta sa ƙafa ta bar 'yar shekara huɗu, wato na ɗaure ta ke nan. Ta dube ni ta daɗe. Bayan kwana biyu ta tafi.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja shi ba. 'Yan uwana suka tsaya a bayana, abokai suka ce Allah ya raba ni da ƙaya. Na samu labari mai sauƙin faɗa: mace ce marar imani, ta zaɓi takarda a kan 'yarta. Na faɗa har na haddace, har ni kaina na gaskata. Ta yi ta kira, na rufe lambarta. Ta aiko manya, na karɓe su da mutunci, na ce za mu duba. Yayata ta dawo gidan tana kula da yarinyar. Da rana ina aiki kamar kowa, da dare kuwa barci ya ƙaurace mini, sai in kwanta ina shirya amsoshin da zan ba ta in mun haɗu, ina yin nasara a gardamar da ba a yi ba. Na rame har bel ɗina ya ƙare rami.

A cikin wannan shekarar na sayi wata tsohuwar mota da aka shigo da ita daga ƙasar waje. Ranar farko da na kunna rediyonta sai na ji muryar mace da jita. Ashe akwai faifan CD a ciki, na wanda ya mallaki motar kafin ni. Na danna ya fito, ya ƙi. Na sa an duba, aka ce sai an kwance rediyon gaba ɗaya, na ce a bar shi. Eriyar ma ba ta kama tasha sosai, saboda haka zaɓi biyu gare ni a hanya: ko shiru, ko wannan matar da ban san ko wace ce ba. Shiru kuwa a lokacin ya fi komai ba ni tsoro, ni da na mayar da shi makami.

Da farko ban so muryar ba. Siririya ce, tana hawa sama inda ban zata ba, tana cusa kalmomi da yawa a layi ɗaya kamar mai sauri ta gama magana kafin a katse ta. Ina karanta Turanci ina aiki da shi, amma Turancin waƙa daban ne, kalma ɗaya a cikin biyar nake kamawa. Waƙoƙi goma ne, duka kimanin minti talatin da shida ne. Kayan kiɗan ba yawa: wani wuri jita, wani wuri fiyano kaɗai, wani wuri kuma wani abu mai tsirkiya da ƙararsa ta fi ta jita kaifi, ganga kuwa sai can ba a rasa ba. Ba wata rundunar makaɗa da za ta rufa mata asiri. In numfashinta ya yanke za ka ji, in muryarta ta yi rawa za ka ji.

Ban san ranar da na daina jure faifan na koma nemansa ba. Na dai wayi gari ina isa gida in kashe inji in bar rediyon, in zauna cikin duhu sai waƙar da ake ciki ta ƙare. Wata rana da dare, a kan waƙa ta takwas, wadda fiyano ne kawai da muryarta, na kifa kaina a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tafi aka bar ni, ban ma yi shi ba ranar da muka binne mahaifina.

Na sha tambayar kaina me ya sa mai baƙin ciki yake neman waƙar baƙin ciki, alhali hankali zai ce ya nemi abin da zai sa shi dariya. Abin da na gani a kaina shi ne, duk wanda ya zo wurina a wannan lokacin da buƙatarsa ya zo. Mai cewa in yi haƙuri yana so in nuna masa na haƙura. Mai cewa in ƙara aure yana so in warke da wuri ya huta da ganin fuskata. Mai zaginta yana so in taya shi. Waƙar raha kuma ji nake kamar ana biki a maƙwabta ni ina zaman makoki. Wannan muryar ita kaɗai ce ba ta neman komai a wurina. Ba ta ce in tashi ba, ba ta ce gobe za ta yi kyau ba. Tana cikin nata ciwon ina cikin nawa, muna tafiya a mota ɗaya. Kuma abin yana da iyaka: ciwon da ke cikina ba shi da farko ba shi da ƙarshe, nata kuwa an zuba shi a ma'auni, minti huɗu ya ƙare, ka ja numfashi.

Sai dai ga inda na yaudari kaina. Duk tsawon wannan lokacin na ɗauka ita ma irina ce, wadda aka yi wa butulci aka gudu aka bari. Na mayar da ita shaidata. In ta yi wannan hawan muryar sai in ce a raina, ka ji ko, haka suke yi mana.

'Yata tana zama a kujerar baya in zan kai ta makaranta. Ita waƙa ta uku ta fi so, wata mai sanyi da jita kaɗai, tana kiranta waƙar barci. Takan ce, "Baba, sa mini waƙar barci," ta riƙa bin karin da hanci tana kallon taga. Maɓallin fitar da faifai ne kawai ya mutu, na tsallake waƙa yana aiki, don haka kusan kullum sai mun ji ta sau biyu.

Sai a ƙarshen 2017 na san sunan mai waƙar. Wani yaro da muke aiki tare na rage wa hanya, ya ɗaga wayarsa ya kunna Shazam, manhajar da ke gane waƙa in ta ji sautinta, cikin daƙiƙa kaɗan ya karanto mini: Joni Mitchell, sunan kundin Blue. Shuɗi ke nan, kuma a Turanci kalmar tana ɗaukar ma'anar baƙin ciki. Na yi mamaki da ya ce a 1971 ya fito, domin ni na ɗauka wata yarinya ce ta zamaninmu. Ashe muryar da nake hira da ita an naɗe ta tun ba a haife ni ba.

A daren na zauna da waya ina karantawa har asuba. 'Yar Kanada ce, an haife ta a 1943. Tana da shekara tara cutar shan inna ta kwantar da ita, ta bar mata rauni a hannun hagu, shi ya sa da ta fara kaɗa jita ta riƙa ɗaure tsirkiyoyin ta wata hanya dabam don yatsunta su iya, daga nan sautinta ya fita daban da na kowa. Abin nan mai kaifin ƙara kuma dalsima ake ce masa, a kan cinya ake kwantar da shi a kaɗa. Ita ta rubuta waƙoƙin duka, ita ta rera. Wannan duk ya burge ni. Abin da ya hana ni barci shi ne na gaba.

Ba ita aka bari ba. Ita ta tafi. Tana tare da wani mawaƙi ɗan Ingila, Graham Nash, suna zaune a Kalifoniya, kowa yana ganin sun dace, sai a 1970 ta tattara ta nufi Turai, ta zauna a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin cewa ta wayar tangarahu ta sanar da shi an rabu. Na nemo kalmomin waƙa ta takwas na karanta a hankali, wadda na yi kuka a kanta ina tausayin kaina. Babu inda ta zargi kowa. Kanta take tuhuma, tana cewa ita ce mai wuyar sha'ani, ita ta sa mutumin kirki kuka, ita ta yi asararsa da hannunta, tana fatan ta samu hanyar da za ta sulale ta ɓace. Shekara biyu da rabi ina sauraron wadda ta tafi, ina jin zafinta har cikin ƙashina, ban sani ba.

Jikina ya yi sanyi. Ban taɓa kawowa a raina cewa wanda ya tafi ma yana kwana bai yi barci ba. A lissafina mai tafiya shi ne mai riba, ya kakkaɓe rigarsa ya yi gaba. Ban taɓa tunanin mutum zai iya barin wanda yake so don zaman yana kashe shi a tsaye ba, ya tafi kuma yana waiwaye.

Sannan na zo kan waƙar barci. Sunanta Little Green. A 1965, tana da shekara ashirin da ɗaya, ba kuɗi, ba mai taimako, uban cikin ya yi nasa wuri, ta haifi 'ya mace a Toronto. Ta yi ƙoƙarin riƙe ta, abin ya gagara, ta sa hannu a takarda wasu suka ɗauki yarinyar riƙo. Waƙar ta wannan yarinyar ce. Ta saka ta a tsakiyar kundin, duniya ta yi ta saurare sama da shekara ashirin ba a san abin da take nufi ba, sai a 1997 uwa da 'ya suka sake haɗuwa. Wato waƙar da 'yata take bi da hanci a bayan mota, tana kallon taga, waƙar uwa ce da ta rabu da 'yarta tana yi mata fatan alheri daga nesa.

Na tashi na buɗe akwatin takardu. Wasiƙar tana nan yadda na ninke ta. Shafin farko ne kawai laifina. Na biyu nata ne, ta lissafa inda ta san ta ƙure ni, da bakinta da rashin haƙurinta. Na uku ta rubuta abubuwan da take so game da ni, har da wasu ƙanana da ban san ta lura da su ba. Na huɗu duka a kan yarinyar ne: yadda za mu raba kwanakinta, maganin da ba ya karɓarta, abin da take tsoro da dare, da roƙon kada mu sa ta a tsakiya ko me zai faru. Ta rubuta wannan kafin in buɗe baki in sa ta a tsakiyar. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni a kan nawa na gina gida na zauna.

Zan so in ce washegari na kira ta. Ban kira ba. Girman kai ba ya mutuwa a dare ɗaya. Wata bakwai na yi ina ɗaukar waya ina ajiyewa, ina tunanin me zan ce wa mutanen da na shekara uku ina ba su labari ɗaya. A wannan tsakanin na kasa jin faifan, in na shiga mota sai in kashe, don yanzu ba shaidata ba ce, muryar wancan ɓangaren ce. Yayata ce ta karya ni. Wata rana na ba ta wasiƙar ta karanta, ta gama ta share ido ta ce, "Ƙanena, ni na daɗe da sanin ba ka kyauta ba, na yi shiru ne don kai nawa ne. Yarinyar nan tana ɓoye hoton uwarta a cikin littafin makaranta, ka sani?" Na ce, "Yaya, ban sani ba." Ta ce, "To yanzu ka sani."

A watan Yulin 2018 na kai yarinyar wurin uwarta. Ba zan iya kwatanta abin da na gani ba, kuma ba nawa ba ne da zan baza. Na dai tsaya a jikin mota na ba su baya. Da uwar ta zo wucewa na ce mata na karanta wasiƙar, har ƙarshe. Ta ce, "Yaushe?" Na faɗa mata gaskiya. Ta gyaɗa kai kawai. Na nemi gafara, ta ce ta yafe abin da na yi mata, na yarinyar kuma ba ita ke da ikon yafewa ba. Ba mu koma ba. Ta riga ta yi aure, ta kuma gama karatun da na ce za mu duba. Ni ma na yi aure daga baya, kuma har yau in na ji shirun nan yana taso mini sai in tilasta wa kaina in ce, raina ya ɓaci, ba ni zuwa dare. Ba kullum nake cin nasara ba.

Na koma jin kundin, kuma abin mamaki kamar an canza shi. Waƙoƙin da nake tsallakewa da, masu ɗan sauri, na tafiye-tafiye da kewar gida, yanzu su nake jira, domin na gane ba baƙin ciki zalla ba ne a ciki, akwai dariya da zolaya da jin daɗin iska a fuska, irin na wanda ya fito daga ɗaki mai zafi ko da bai san inda zai kwana ba. Ta ƙarshe kuma, inda take ba da labarin wani da ya daina yarda da soyayya ya koma mai ɗacin baki, sai na ga inda na nufa da ba a tare ni ba. Ina ganin wannan ne ya sa kundin ya ƙi tsufa. Waƙar rabuwa da ta tsaya kan zargi tana da daɗi wata uku, ranar da fushinka ya sauka ta gama aikinta. Wannan kuwa ba ta ba ka abokin gaba. Ta faɗi nata laifin, ta faɗi son da take yi, ta faɗi dalilin da ya sa duk da haka ba za ta zauna ba, ta bar su a jere ba ta sasanta su ba. Duk matsayin da rayuwa ta ajiye ka, wanda aka bari ko wanda ya tafi ko ɗan da aka haifa a tsakani, akwai wurin zamanka a ciki. An ce wani mawaƙi abokinta da ya ji waƙoƙin tun suna sababbi ya roƙe ta ta rage wani abu ta ɓoye wa kanta. Da ta ji shawararsa, da ban san inda nake yau ba. A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa shi na uku a jerin kundaye 500 da ta fi ɗaukaka, amma ni da na ji shi shekara biyu da rabi ba suna ba hoto, ban buƙaci jerin kowa ba.

Wani abin da na gano daga baya: a watan Maris na 2015, makonni kaɗan bayan gidana ya watse, ita ma mai waƙar ta faɗi a gidanta, jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwarta, sai da ta sake koyon tafiya. Lokacin da muryarta ta ƙuruciya take riƙe da ni a mota, ita tana kwance. A 2022 na ga bidiyonta a bikin waƙa na Newport a Amurka, tsohuwa mai shekara 78 a zaune a kujera, muryar ta yi ƙasa ta yi kauri, tana rera ɗaya daga cikin waƙoƙin nan. Na kalla sau uku a jere.

Motar ta mutu a 2021. Kafin in rabu da ita na sa bakanike ya kwance rediyon ya ciro faifan. Na zaci zan ga suna ko wani rubutu, ko in san wani abu game da wanda ya bar mini shi. Ba komai a jikinsa, fari fat, sai ƙarce-ƙarce.

Bara ina mayar da 'yata wurin mahaifiyarta bayan hutu, na sa kundin ta waya. Shekararta goma sha uku, Turancinta ya fi nawa. Da waƙar barci ta zo sai na ga ta daina bi da hanci, ta kasa kunne. Ta ce, "Baba, wai wa take yi wa wannan waƙar?" Na faɗa mata duka, da shekarar da aka haifi yarinyar da shekarar da suka haɗu. Ta yi lissafi ta ce, "Talatin da biyu." Na ce haka ne. Ta juya tana kallon taga, can ta ce, "Mu uku muka yi." Na ce, "Uku da wata biyar." Ba ta ce komai ba har waƙar ta ƙare. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki wayar ta mayar da ita farko.